Overweg

Overweg (suna, ana furta shi Ofabek): sunan zuri'a a Jamus wanda masu shi ba su da yawa. Asalinsa daga Jamusancin arewa ne, inda *over* ke nufin tsallake, *weg* kuma hanya. Laƙabi ne na wanda gidansa ke tsallaken hanya, daga baya 'ya'ya da jikoki suka gaje shi. An fi samunsa a yankin Westfaliya da ƙasar Holan. Fitaccen mai sunan shi ne Adolf Overweg, haifaffen Hambog a 1822, abokin tafiyar matafiyin bincike Heinrich Barth. Overweg ya ziyarci Maraɗi da Gobir a 1851, ya kewaya Tafkin Chadi cikin jirgin ruwa, ya rasu a bakin tafkin a 1852.