Ƙananan gidajen buga littattafai na Hausa: asalinsu da rawar da suke takawa

Galibin littattafan hikaya na Hausa da ke yawo hannu zuwa hannu a Madawa, Buza da Keita daga Kano suke zuwa, kuma ba manyan kamfanoni suka buga su ba. Marubuta ne da kansu suka tara kuɗi, suka kai rubutunsu maɗaba'a, sannan suka miƙa wa ƴan kasuwa.

Kafin zuwansu

Da farko hukuma ce ke riƙe da harkar ɗab'i. Gasar da hukumar talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. An kafa kamfanin Gaskiya a 1945, sai NNPC a 1966. Wanda waɗannan gidaje ba su karɓi rubutunsa ba, sai ya ajiye shi a akwati. A Nijar kuwa marubuta sun fi dogaro da Faransa: a birnin Paris aka buga Sarraounia na Abdoulaye Mamani a 1980, cikin Faransanci.

Adabin kasuwar Kano

A shekarun 1980 darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka karkata ga littattafan makaranta. Matasa, ciki har da mata da dama, suka fara buga nasu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sai Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino, jigo a ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, ya shahara da In Da So Da Ƙauna, ya kuma kafa gidan ɗab'insa.

Littattafan sirara ne, masu araha, ana raba labari kashi-kashi domin kuɗin na ɗaya ya buga na biyu. Sun taɓo auren dole, kishi, saki da karatun ƴaƴa mata. Masu suka sun ce suna ɓata tarbiyya, har aka ƙone wasu a bainar jama'a a Kano a 2007.

Misalin Italiya

Mutanen Keita sun san Italiya ta hanyar aikin farfaɗo da ƙasar noma da ta fara ɗaukar nauyinsa a 1984. A can ma gidaje masu zaman kansu sun yi tasiri a kan tunanin jama'a. Giulio Einaudi ya kafa nasa a Torino a 1933, zamanin mulkin Mussolini, kuma abokin aikinsa Leone Ginzburg ya rasu a kurkuku a 1944. Gidan Feltrinelli na Milan ya buga Doctor Zhivago a 1957, bayan Tarayyar Sobiyat ta hana fitarsa.

Halin da ake ciki a Nijar

A Yamai, gidaje irin su Albasa da Gashingo sun buga littattafai cikin harsunan ƙasa, yawanci don makarantu da yaƙi da jahilci. Matsalar ita ce rarrabawa: littafi ya fi saurin isa Madawa daga Kano ta kan iyaka fiye da daga Yamai. Shi ya sa mai karatu a Adar ya fi sanin unguwannin Kano a takarda fiye da labarin garinsu, marubucin yankin kuma sau da yawa sai ya koma wa WhatsApp da Facebook don isar da rubutunsa.