Ka'abu ɗan Maliku da Littafin Hisabin Kai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ya ku dattawa da samarin zango, kun san duk maigidan da ke saukar da fatake ba ya kwana sai ya duba littafinsa, ya ga abin da ya shigo da abin da ya fita. Amma kaɗan ne cikinmu ke yi wa ransu irin wannan lissafi. Malamai suna kiransa muhasaba, watau mutum ya yi wa kansa hisabi tun ba a yi masa ba. Jarinsa gaskiya ce, darasinta kuwa daga Madina muka samo shi.

A shekara ta 9 bayan Hijira, watau 630 Miladiyya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi shirin fita Tabuka. Lokacin zafi ne, ga nisa, ga dabino ya nuna. Ka'abu ɗan Maliku, mawaƙin Annabi, yana da lafiya, yana da raƙuma biyu. Kullum ya fita don shiri sai ya komo bai yi kome ba, yana ce wa ransa da sauran lokaci. Haka har runduna ta yi nisa.

Da Annabi ya komo ya zauna masallaci, mutum fiye da 80 suka zo suna kawo hanzari suna rantsuwa. Aka karɓi zahirinsu, aka bar zukatansu ga Allah. Ka'abu mai fasahar baki ne, har ya fara shirya ƙaryar da zai faɗa. Amma da ya auna, sai ya ga in ƙarya ta fisshe shi yau, Allah zai tona shi gobe. Ya ce shi ba shi da uzuri ko ɗaya.

Aka hana Musulmi magana da shi, da Murara ɗan Rabi'u, da Hilalu ɗan Umayya, har kwana 50. Ɗan baffansa Abu Ƙatada ma bai amsa masa sallama ba. Sarkin Gassan ya aiko masa da takarda ya zo a girmama shi, ya jefa ta cikin wuta. Sa'an nan Allah ya saukar da karɓar tubarsu a Suratut Tauba, aya ta 118.

To, jama'a, a lura. Ƙaryar farko ba Annabi aka nufa da ita ba, ransa ya yi wa, ran da ya ce da sauran lokaci. Har wa yau shi da bakinsa ya ba ɗansa Abdullahi labarin, bai rage abin kunya ba, Buhari da Muslim suka rubuta.

Magabata ba su bar wannan hali a Madina ba. Harisul Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, daga hisabin kai ya sami laƙabinsa. Imamu Gazali, ya rasu 1111, ya kwatanta rai da abokin ciniki wanda ake gindaya wa sharaɗi da safe, a bincike shi da dare. Ibnu Arabi kuma, ya rasu 1240, ya ba da labarin shehunansa na Andalus da ke rubuta maganganunsu da ayyukansu na yini cikin littafi. Bayan lisha su keɓe su duba, inda ya kamaci istigfari su yi, inda ya kamaci godiya su yi. Shi ya ƙara da rubuta abin da ya ɗarsu a zuciyarsa.

Amfanin rubutu ke nan: zuciya takan gyara labarin jiya don ta wanke kanta, tawada kuwa ba ta sake magana. Saboda haka muna ba samarinmu shawara, kowa ya nemi ɗan littafi, ya rubuta da ajami ko da boko. Kada ya nuna wa kowa, domin wanda ke rubutu don a gani riya zai rubuta, kuma abin da Allah ya rufa ba a tallarsa. In ka ci bashi, ko ka makara sallar asuba, rubuta dalilin gaskiya, ba wanda za ka gaya wa mutane ba.

Allah ya sa mu cikin masu gaskiya, amin.