Makon da Kurame Suka Garƙame Ƙofar Gallaudet

Shekarar da aka zaɓe ni wakilin ɗalibai masu buƙata ta musamman a ƙungiyar ɗaliban jami'armu, na rubuta wa hukuma takarda mai buƙatu 17. Na fara ta da "muna roƙon alfarma", na ƙare ta da addu'a. Da sanduna biyu nake tafiya tun da shan inna ta taɓa ni ina yaro, don haka matakala da banɗaki suka cinye rabin takardar. Kurame kuwa layi ɗaya na ba su, can ƙasa. Wata ɗaliba kurma ta karanta, ta juya bayan takardar ta rubuta mini: "Malam, wa ya aike ka?" A ƙasan wannan ta ƙara kalma ɗaya, Gallaudet, ta ja mata layi biyu. Daga ranar na shiga bin tarihin wurin.

Gallaudet jami'ar kurame ce a birnin Washinton na Amurka. Asalinta ƙaramar makaranta ce ta yara kurame da makafi da aka buɗe a 1857, a filin da wani attajiri, Amos Kendall, ya bayar. Aka ɗauko Edward Miner Gallaudet, saurayi ɗan shekara 20, ya shugabance ta. Shi yana ji, mahaifiyarsa ce kurma, a hannunta ya tashi da maganar hannu. A 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta ba makarantar ikon bayar da digiri. Ta tsallake har guguwar taron Milan na 1880, inda malaman kurame, kusan dukkansu masu ji, suka yanke cewa a daina koyarwa da hannu, a tilasta wa yara karanta leɓe da furta sauti. Edward na cikin 'yan tsirarun da suka ƙi. Ana ma cewa a filin ƙwallonta aka fara dabarar nan ta 'yan wasa su haɗa kai su yi da'ira kafin su kai hari, don kada abokan karawa, waɗanda su ma kurame ne, su hango shawarar da ake yi da yatsu.

Duk da haka, shekara 124 bayan sa hannun Lincoln, ba a taɓa naɗa kurma shugabanta ba. Gida na kurame, mai gida kullum mai ji.

A 1987 shugaban lokacin, Jerry Lee, ya ce zai sauka. Aka tace masu nema har suka rage uku. Biyu kurame ne: Harvey Corson, shugaban makarantar kurame ta jihar Luwisiyana, da I. King Jordan, malami a jami'ar, wanda ya kurumce yana da shekara 21 sanadiyyar haɗarin babur. Ta ukun ita ce Elisabeth Zinser, ƙwararriya a harkar mulkin jami'a, mai ji, ba ta iya maganar hannu ba. Ranar Lahadi 6 ga Maris 1988 kwamitin amintattu ya zaɓi Zinser. Bai ko fito ya faɗa wa ɗaliban da ke jira ba, takardar sanarwa ga 'yan jarida aka raba musu.

A daren suka yi tattaki zuwa otal ɗin Mayflower inda amintattun suke. Shugabar kwamitin, Jane Bassett Spilman, ta yi wata magana da ta isa ga ɗalibai da ma'anar cewa kurma bai isa ya yi aiki cikin duniyar masu ji ba. Daga baya ta musa, ta ce tafinta ne ya juya mata zance. Ni a wurina wannan kariyar ta fi laifin muni. Shekaru tana jagorancin amintattun jami'ar kurame, amma ba ta iya gaya wa ɗalibanta jimla ɗaya da hannunta ba, sai an tsaya a tsakani.

Washegari Litinin gari ya waye ƙofofin jami'ar a garƙame da sarƙa da kwaɗo, an jawo motocin makaranta an tare hanya, an sace iskar tayoyin. Ɗalibai huɗu ne a gaba: Greg Hlibok, wanda bai daɗe da zama shugaban ƙungiyar ɗalibai ba, da Tim Rarus da Bridgetta Bourne da Jerry Covell. Buƙatunsu ma huɗu ne. Zinser ta sauka a naɗa kurma. Spilman ta sauka. Kurame su zama kashi 51 cikin ɗari na kwamitin amintattu. Kada a hukunta kowa, ɗalibi ko ma'aikaci, saboda zanga-zangar.

Na daɗe ina kallon wannan jeri kusa da nawa mai 17. Babu maganar ƙarin tafintoci a nasu, babu ta gyaran ɗakin kwana, alhali ba za a ce ba su da irin waɗannan matsaloli ba. Kujerar da ake zama a yanke hukunci suka nema, don sun san wanda ya riƙe ludayi shi ke raba miya. Ta huɗun kuwa sai wanda ya taɓa riƙe ƙungiya zai gane darajarta. Duk wanda ka kira zanga-zanga, abin da ke ransa shi ne jarrabawa na tafe, kuma malamin da ya gan shi a bakin ƙofa shi zai duba takardarsa. In ba ka toshe wannan kafar ba, kwana biyu za ka waiga ka ga kai kaɗai ne.

Ranar Litinin ɗin Spilman ta zo babban zauren wasanni don ta sanar cewa kwamiti bai sauya ra'ayi ba. Wani ya kunna ƙararrawar gobara. Ƙara ta cika zauren, ta hana masu ji sakat, ɗalibai kuwa suka ci gaba da zancensu da hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar ba abin da ya faru.

Sauran makon ya zo da sauri. Laraba Hlibok ya fito a shirin talabijin na Nightline, tare da Zinser da 'yar fim kurma Marlee Matlin, Amurka duka tana kallo. Jordan da kansa ya fara tsayawa a gefen Zinser yana goyon bayan kwamiti, kashegari ya janye ya koma wajen ɗalibai. A daren Alhamis 10 ga wata Zinser ta ajiye aikin da ba ta taɓa zama a ofishinsa ba. Ɗalibai ba su buɗe ƙofa ba, saura buƙatu uku. Juma'a suka yi tattaki zuwa ginin majalisar dokoki. Lahadi 13 ga Maris Spilman ta sauka, Philip Bravin, kurma, ya gaje ta, aka naɗa Jordan, aka amince da sauran biyun. Shekara biyu bayan haka, a Yulin 1990, Amurka ta kafa babbar dokarta ta haƙƙin nakasassu. Hlibok ya zama lauya. Jordan ya yi mulki har 2006, kuma da aka zo naɗa magajiyarsa, Jane Fernandes, ɗalibai sun sake rufe jami'ar har aka soke naɗin, duk da ita ma kurma ce. Wannan karon Jordan ne a ɓangaren hukuma.

Akwai mutum ɗaya da na so a ce ya ga wancan mako. Andrew Foster, baƙar fata na farko da ya yi digiri a Gallaudet, a 1954, shi ya zo Afirka ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, sannan a Ibadan a 1960, da wasu da dama bayansu. Ta hanyarsa maganar hannun Amurka ta shigo makarantunmu, ta tarar da tamu ta gargajiya wadda kuramen Kano ke yi a kasuwa da majalisa tun kafin zuwansa. Ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a Disambar 1987, saura wata uku a yi zanga-zangar.

Takardata mai buƙatu 17 ban kai ta ba. Na koma wurin ɗalibar, muka zauna ƙarƙashin darbejiya da littafi ɗaya da biro ɗaya muna miƙa wa juna, don ni ma, wakilinta, ban iya ko gaisuwa da hannu ba. Ta tara 'yan'uwanta, suka rubuta tasu, buƙata uku. Ta farko ita ce a ware musu kujera a majalisar ɗalibai, wadda kurame kaɗai za su zaɓi mai zama a kanta. Ranar da muka shiga ofishin jami'in kula da harkokin ɗalibai, ya dube ni ya ce, "To, ɗana, me take so?" Ta miƙa hannu ta karɓi biron da ke gabansa.