Darasin Ramukan Paris Ga Mai Zaɓen Tocila

A watan Nuwamba na 1793, Philibert Aspairt, mai gadin asibitin Val-de-Grâce, ya shiga tsofaffin ramukan haƙar dutse da ke ƙarƙashin birnin Paris, bai sake fitowa ba. Sai a 1804 aka tsinci gawarsa, aka binne shi a nan. A zamaninsa, kyandir da fitilar mai ake dogaro da su, kuma duk wanda wutarsa ta mutu a ƙarƙashin ƙasa, hanya ta ɓace masa.

Ko da tocila ta bayyana, ba ta magance matsalar nan take ba. Wadda David Misell, ɗan Ingila, ya yi wa rajista a Amurka a 1899, batiranta raunana ne: sai a haska kaɗan, a kashe su huta. Gagarumin sauyi ya biyo bayan 1993, lokacin da Shuji Nakamura ya samar da shuɗin LED mai ƙarfi a Japan, wanda ya share fagen farin ƙwan da ba ya shan batir sosai.

A yau masu talla ƙarfin haske suke zuzutawa, alhali tocilar da aka ƙure ƙarfinta zafi take yi, ta zuƙe batir da wuri. Masu kutsawa ramukan Paris, duk da haramcin da aka sa tun 1955, sun fi damuwa da sa'o'in da za ta yi tana ci, da jure ruwa da faɗuwa, da batirin da za a iya sauyawa cikin duhu. Ƙa'idar masu shiga kogo ita ce fitila uku, don idan ɗaya ta mutu, saura biyu.