tàurārṑ

tàurārṑ *sn, nj*, *mc* tàurārùwā, *jam.* tàurā̀rī.

1. abu mai haske da ake gani a sararin sama da dare: *hadari ya rufe taurari.*

2. (*kimiyya*) dunƙulen iskar gas mai zafi, mai fitar da haskensa: *Rana ma ~ ce.*

hasken ~: ƙarfin hasken da ake aunawa da mataki, ƙaramar lamba, haske mai yawa. (a) *asali:* masanan Girka, musamman Batalimusa, sun kasa taurari mataki 6. Na 1 mafi haske, na 6 iyakar ganin ido. (b) *ƙa'ida:* Norman Pogson, Ingila, 1856. Tazarar mataki 5 ninki 100 ce, mataki ɗaya kusan ninki 2.5. (c) *hasken gani:* yadda ake ganinsa daga Duniya, mis. Rana −26.7, Siriyus −1.46, Bega kusan 0. (d) *hasken ainihi:* yadda zai bayyana daga nisan shekarar haske 32.6, mis. Rana 4.8.

3. shahararre a fagensa: *~n fim, ~n ƙwallo.*

4. sa'a, ɗaukaka: *~nta yana haskawa, ~nsa ya dushe.*

*Sassan da aka gina:* ~n ɗan'adam, na'urar da ake harbawa ta zagaya Duniya. Tauraruwa mai wutsiya, dunƙulen ƙanƙara da ƙura mai jan wutsiyar haske. Ilmin taurari, nazarinsu.

*Dubi:* haske, Zara, Gamzaki.