Muryar Yaro a Rabuwar Aure ta Haɗin Gwiwa: Nazari kan Tsarin Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda tsarin rabuwar aure ta haɗin gwiwa yake kare buƙatun yara. Matsayar da ta kafa ita ce, tsarin yana amfanar yaro gwargwadon yadda ya rage rikicin iyayensa, ya kuma ba shi kafar faɗin damuwarsa ba tare da an ɗora masa nauyin zaɓi ba.

Gabatarwa

A shekarar 1990 wani lauya a birnin Minneapolis, Stuart Webb, ya ƙirƙiro wannan tsari. Miji da mata kowa yakan ɗauki lauyansa, sai su sa hannu a kan yarjejeniyar warware komai a zaman tattaunawa. Duk ranar da ɗayansu ya garzaya kotu, dole lauyoyin biyu su janye, don haka ribar lauya tana cikin sasantawa. A 2009 hukumar daidaita dokokin jihohin Amurka ta fitar da daftarin doka a kan tsarin. A zaman tattaunawar, sau da yawa akan haɗa da masanin kuɗi da ƙwararre kan halayyar yara, wanda ba ya wakiltar uwa ko uba.

Hujjoji

A 1991 Paul Amato da Bruce Keith sun tattara sakamakon bincike 92, suka gano cewa yaran da iyayensu suka rabu suna ɗan kasa takwarorinsu a karatu da natsuwa, amma bayanin da ya fi samun goyon bayan hujja shi ne rikicin iyaye. Yaran da ke zaune a gidan da ake yawan faɗa ma ba su tsira ba, ko da auren yana nan. Ke nan hanyar da aka bi aka rabu tana da tasiri a kan yaro. Binciken Robert Emery a jihar Virginia ya ƙarfafa haka: an raba iyalai ta ƙuri'a tsakanin sulhu da shari'a, bayan shekara 12 kuma kashi 28 cikin 100 na iyayen da ba su riƙe yaran ba, a ɓangaren sulhu, suna ganin 'ya'yansu duk mako, a ɓangaren shari'a kuwa kashi 9 kacal. A Ostireliya, Jennifer McIntosh ta nuna cewa yarjejeniya ta fi ɗorewa idan ƙwararre ya gana da yaran ya isar wa iyaye abin da ke ransu. Wannan ya dace da sashe na 12 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989.

Suka da Amsa

Masu suka suna cewa hujjojin Emery da McIntosh daga sulhun mai shiga tsakani aka samo su, ba daga tsarin haɗin gwiwa ba. Gaskiya ne, amma abin da ya yi aiki a can, wato rage gaba da barin iyaye su tsara renon da kansu, shi ne ginshiƙin wannan tsari. Wasu suna tsoron a jefa yaro tsakanin uwa da uba. Amsar ita ce aikin ƙwararren: yana tambayar yaro game da makaranta da barci da fargabarsa, ba ya tambayarsa wa yake so ya bi. Suka mafi nauyi ta shafi gidan da ake duka ko tursasawa, inda mai rauni zai amince da komai saboda tsoro. Daftarin 2009 ya wajabta wa lauya bincikar hakan tun farko, kuma a irin wannan hali kariyar kotu ta fi wa yaro amfani.

Kammalawa

Ya kamata shigar da ƙwararre kan yara ya zama sharaɗi a duk rabuwar da ta shafi ƙanana, a kuma rubuta lokacin sake duba tsarin reno, domin buƙatun ɗan shekara 4 suna sauyawa kafin ya kai 14.