Gasar magana a makarantun Adar: gadon dandali da gadon sambol

Duk yaron da ya tashi a Bambeye, ko wani gari na arewacin Adar, tun kafin a sa shi lakwal ya san magana abar takara ce. Da dare a dandali akwai kacici-kacici, inda wanda ya kasa amsa yake ba da gari. Akwai ba'ar taubasai, wadda ba a fushi da ita, amma ana jin kunyar a rasa abin mayarwa. Akwai kuma kirarin ƴan kokowa. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, kuma wanda ya taɓa zama bakin fili ya san da baki ɗan kokowa ke fara girgiza abokin karawarsa kafin su haɗa ƙirji. To, me ya sa wannan yaro, in ya kai lise a Tawa aka ce ya shiga ƙungiyar muhawara, sai harshensa ya yi nauyi? Amsar tana cikin tarihin makarantar kanta, kuma sai an leƙa ƙetaren iyaka ake ganinta sosai.

A Nijeriya ta Arewa, Kwalejin Katsina da gwamna Clifford ya buɗe a 1922 ta ba furucin Ingilishi muhimmanci ƙwarai. Daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1933, da muryar da daga baya duniya ta san shi da ita. Sai dai shi da tsararrakinsa da Hausa suka fara koyon karatu a elementare, Ingilishin bisa wannan tushe ya hau. Da suka zama malamai ba su bar gardamar ilimi a aji ba. A Bauci, a tsakiyar shekarun yaƙin duniya na biyu, Ɓalewa da Sa'adu Zungur da Aminu Kano suka riƙa zaman tattaunawa tare da Turawan mulki da ma'aikatan En'e, har ranar da Aminu ya nemi a bayyana yadda ake yanka albashin sarki. Bayan wannan tambaya zaman bai yi nisa ba. Amma a 1950 Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna yana neman a gyara mulkin En'e, a shekarar kuma aka kafa NEPU a Kano. Waɗanda suka horu da muhawarar makaranta su ne suka ɗauki siyasar ƙasarsu.

A Nijar hanyar daban ce. Lakwal ɗin Faransa da Faransanci take farawa tun ranar farko, abin da ta fi sani kuwa shi ne hadda: yaro ya miƙe, ya harɗe hannuwa, ya zubo abin da aka ba shi. Sannan ga sambol, wato ɗan ƙashi ko guntun icce da ake miƙa wa wanda aka kama yana magana da harshen uwa, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani, wanda yamma ta riske shi da shi ya sha hukunci. Dattawan malamanmu ba su buƙatar a bayyana musu wannan. Ɓarnar da ya yi, a ganina, ta wuce bulala: ya koya wa yaro cewa fasahar da ake yaba masa a dandali laifi ce a aji. Zaƙaƙuran da suka tsallake zuwa William Ponty a Senegal, irin su Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari, sun iya jawabi da Faransanci, amma su kansu da suka fita neman jama'a sai da suka koma bakin talakawa. Sawaba ai kalmar Hausa ce.

Bayan samun ƴancin kai, takarar magana da harsunan ƙasa ta sami mafaka, amma a wajen aji. Rediyo-kulob da aka kafa a 1962 sun riƙa tara mutanen ƙauye su saurari shiri, su yi gardama a kansa, a naɗi muryoyinsu. Da yawa daga masu jagorantar zaman malaman lakwal ne. Zamanin Seyni Kunce samariya ta farfaɗo, daga 1976 kuma jihohi suka shiga karawa da waƙa da wasan kwaikwayo a bikin matasa na ƙasa. Yazi Dogo, wanda ya sa Nijar duka dariya da Hausa, shi ma malamin makaranta ne. Su kuwa ɗalibai, inda suka koyi tsayawa gaban taro shi ne tarurrukan ƙungiyarsu ta USN, galibi da Faransanci, kuma ba wasa ba ne: uku daga cikinsu suka rasu a gadar Kennedy ta Yamai ran 9 ga Fabrairu 1990, ƙungiyar kuma ta zauna taron ƙasa na 1991 da cikakkiyar murya.

An yi yunƙurin haɗa hanyoyin biyu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai Hausa da Faransanci a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa matsayi a koyarwa, a 2025 kuma kundin da ya maye gurbin tsarin mulki ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Abin da babu takardar da ta warware shi ne aikin malamin da zai shirya gasar. In ɗan Bambeye ya tsaya da Hausarsa ta Adar, ɗan Birnin Ƙonni ya tsaya da tasa, an ba kowa minti biyar, sai an sami alƙalan da za su iya raba karin maganar da ta faɗa daidai wurinta da wadda aka jefo don a rufe rashin hujja, kuma waɗannan alƙalai ba duka ne suka bi ta lakwal ba.